Ga makaranta a bayan gidanmu, amma 'yata tana kwashe minti 80 a mota: amsa ga wata uwa a Ohio

"Assalamu alaikum Malam. Shekararmu biyu a wajen birnin Columbus, jihar Ohio ta Amurka. Bana 'yata ta fara makaranta, shekarunta biyar da wata huɗu. Motar makaranta tana ɗaukarta 6:45 na safe, a shiga aji 8:05, kuma ba ta dawowa sai kusan 4:30. Sau biyu tana dawo mini da fitsari a wando. Kullum a galabaice take, ko karatun islamiyyar da muke yi ta waya da yamma ba ta iya zama. Abin da ya fi ba ni haushi, akwai wata firamare da nake hango tutarta daga tagar kicin, amma da na je sai aka ce ba gundumarmu ba ce. Wata ƙawata ta ce in rubuta adireshin yayar maigidana, ita a can take zaune. Don Allah me ya sa haka, kuma mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana ita, ya ba ta ilimi mai amfani.

Tambayarki guda ce a baki, amma abu biyu ne a cikinta. Na ɗaya, me ya sa makarantar da ke ƙarƙashin hancinki ta zama ba taki ba. Na biyu, me ya sa tafiya zuwa wadda aka ba ki take cin minti 80. Yawancin iyaye suna ɗauka na farkon ne ya haifi na biyun, sai su zuba duk ƙarfinsu a kan iyakar gunduma. Na tuƙa motar makaranta shekara huɗu lokacin ina karatu, daga baya na koma ofishin da ke tsara hanyoyin motocin a wata gunduma a tsakiyar Amurka, kuma abin da na gani shi ne: iyakar nan da wuya ta motsa, amma hanyar mota kusan kowane wata ana taɓa ta. Don haka zan yi miki bayanin iyakar domin ki san da wa kike kokawa, amma ƙarfina zai fi tafiya wajen hanyar.

Layin da ba a gani da ido

A gida, idan kina da kuɗin makaranta ko kin san hedimasta, kina iya sa yaro inda kika ga dama, mai adaidaita sahu ya riƙa kai shi. A nan makarantar gwamnati a ɗaure take da adireshi. Ƙasar a rabe take zuwa gundumomin ilimi kusan 13,000, kowace da zaɓaɓɓun shugabanninta, da kasafinta, da ikon karɓar haraji a kan gidaje da filayen da ke cikinta. Ohio kaɗai tana da sama da 600. Wannan ba dole ba ne: Maryland guda 24 gare ta, Florida ta bi iyakar ƙananan hukumominta 67, Hawaii kuwa gunduma ɗaya ce tal. Inda gundumomi suka yi yawa kuma suka yi ƙanana, nan ne ake samun irin naki, a hango makaranta amma a ce ta maƙwabta ce.

Kuɗi ne ya sa layin ya yi tauri. Kaso mai tsoka na abin da ake kashewa a makaranta daga harajin gidajen gundumar yake fitowa, saboda haka mutanen da suka biya suna kallon kujerar aji a matsayin abin da suka saya. A 1973, a wata shari'a daga San Antonio ta jihar Texas, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan tsari bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba. A Ohio ɗinku kuwa, kotun ƙolin jiha ta yanke a 1997, a shari'ar DeRolph, cewa dogaro da harajin gidaje ya yi yawa har ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, ta kuma maimaita hakan har zuwa 2002. An yi gyare-gyare, amma layukan suna nan inda suke.

Akwai kuma tarihin launin fata, wanda ba a cika faɗa wa baƙo ba. Bayan hukuncin Brown na 1954 da ya haramta raba makarantun baƙar fata da na farare, kotu ta yarda a 1971, a shari'ar Swann daga Charlotte, a riƙa jigilar yara a mota zuwa wasu unguwanni domin a cakuɗa su. Shekara uku bayan haka, a 1974, shari'ar Milliken daga Detroit ta ja birki: alƙalai biyar a kan huɗu suka ce jigilar ba za ta tsallake iyakar gunduma ba, sai an nuna gundumar maƙwabta ma tana da hannu a wariyar. Tun daga nan, duk wanda ya ƙaura ya tsallake layi ya fita daga hukuncin kotu, kuma mutane da yawa sun yi hakan. Columbus ta fara irin wannan jigila a 1979 bisa umarnin kotu. Sannan a 1986 aka ƙulla wata yarjejeniya tsakanin gundumar birnin da gundumomin kewaye kan wa zai riƙe unguwannin da birnin ya haɗiye yayin da yake faɗaɗa. Shi ya sa a wajenku ana iya samun gida biyu suna kallon juna, dukansu da adireshin Columbus, amma yaransu a gunduma daban-daban. Taswirar yankin kamar an yayyafa tawada take.

Kafin ki ci gaba, ki tabbatar da abu ɗaya. Layi iri biyu ne. Akwai iyakar gunduma, akwai kuma iyakar shiyya, wato yadda gunduma ɗaya ta raba unguwanninta tsakanin makarantunta. Ma'aikaciyar da ke teburin karɓar baƙi takan faɗi "ba namu ba ne" a kan duka biyun, baƙo kuma bai san bambancin ba. Ki duba takardar harajin gidan, ko shafin intanet na ofishin kimanta gidaje na ƙaramar hukumarku, sunan gundumar ilimi yana jikin kowane gida. Idan makarantar da kike hangowa ta gundumarku ce, shiyya ce kawai ta raba ku, to fom ɗin neman canji ne, kuma sau da yawa ana bayarwa in akwai gurbi. Idan kuwa ta wata gunduma ce, zan zo kan wannan.

Inda minti 80 ɗin suke tafiya

Ki gwada wannan ranar Asabar: ki tuƙa daga ƙofar gidanku zuwa makarantarta, ki duba agogo. Ban san unguwarku ba, amma a kewayen birni irin Columbus zan yi mamaki idan ya wuce minti 20. To ina saura awa gudan take shiga?

Babbar motar makaranta kan ɗauki yara ƙanana kamar 72, uku-uku a kujera. Gunduma ba ta son ta ga motar ta isa makaranta rabi-rabi, domin kuɗin direba da mai da inshora ɗaya ne ko yara goma ne a ciki. Saboda haka ana zana hanyar ne ta yi ta kewaye har ta cika. A lissafin da muke yi a ofis, kowace matsaya tana cin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi: a kunna fitilu, a tsaya, a buɗe ƙofa, yara su hau, a jira su zauna. Matsaya 25 ta cinye rabin awa ke nan, mota ba ta yi tafiyar kirki ba. Ƙara da cewa dole ta tsaya cak a kowace mahaɗar layin dogo, ba ta ja da baya in ba dole ba, ba ta shiga layin da ba shi da wurin juyawa. Kuma ba ma yarda ɗan shekara biyar ya tsallaka babban titi, sai motar ta wuce ta juyo ta ɗauke shi ta ɓangaren ƙofa.

Wanda aka fara ɗauka shi ne yake biyan kuɗin wannan kewaye gaba ɗaya. Daga lokutan da kika faɗa, ina kyautata zaton 'yarki tana cikin matsaya uku na farko. Abin da ya fi ciwo shi ne da rana. Idan motar ta bi hanyar nan a juye, wanda aka ɗauka ƙarshe shi za a fara saukewa, wanda aka fara ɗauka shi ne na ƙarshen sauka. Yaro ɗaya yana shan doguwar tafiya safe da yamma, wani yana shan minti goma-goma. Ba mugunta ba ce, haka ya fi sauƙi a zana kuma ya fi ɗan rage mai. Amma a hanyoyin da suke kamar zobe, ana iya bin ta gaba ɗaya safe da rana, wanda aka fara ɗauka a fara sauke shi, nauyin ya rabu. Na sha yin wannan gyara, kuma yawanci ba ya ƙara wa gunduma ko kwabo.

Abu na biyu shi ne sawu. Mota ɗaya ba makaranta ɗaya take yi wa aiki ba. Takan yi sawu biyu ko uku kowace safiya: sakandare, sannan makarantar tsakiya, sannan firamare, ko akasin haka. Shi ya sa makarantun gunduma ɗaya ba sa buɗewa lokaci ɗaya. Idan firamare ce a sahun farko, ana iya sauke yara minti 15 ko 20 kafin ƙararrawa domin motar ta ruga ta ɗauko na gaba. Watau cikin minti 80 ɗinki, wataƙila wasu a ɗakin cin abinci take yin su, ba a mota ba. Ki tambaya. Wannan matsalar ta ƙaru ne tun da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun matasa su buɗe kafin 8:30, saboda barcinsu. Kalifoniya ta mai da hakan doka ga manyan sakandare, ta fara aiki a 2022. Shawarar tana da tushe mai kyau, amma motocin ba su ƙaru ba, sai gundumomi da yawa suka juya sahu, ƙanana suka koma fitowar asuba. An rufe wata ƙofa, iska ta shigo ta wata.

Na uku, kuma mafi girma a 'yan shekarun nan, ƙarancin direbobi. Aikin yana buƙatar lasin manyan motoci da ƙarin jarrabawa ta ɗaukar fasinja da ta motar makaranta, ga gwajin ƙwaya, ga binciken tarihi. Bayan duk wannan, aikin rabi da asuba ne rabi da rana, tsakiya ba a biya, hutun bazara ma haka. Mai irin wannan lasin yana samun abin da ya fi haka a kamfanin dakon kaya. Duk direban da ya ajiye aiki, ba a soke yaransa, ana raba su ne a kan hanyoyi biyu ko uku na kusa, kowace ta ƙara tsawo. An ga ƙarshen abin a Louisville ta jihar Kentucky a watan Agusta na 2023: an rage hanyoyi saboda rashin direbobi, ranar farko ta makaranta wasu yara ba su isa gida ba sai kusan ƙarfe 10 na dare, aka rufe makarantu fiye da mako guda.

A Ohio akwai ƙarin wani nauyi. Dokar jiha ta wajabta wa gunduma ta ɗauki yara daga ajin farko zuwa aji takwas idan gidansu ya wuce mil biyu daga makaranta, kuma ta ɗauki har waɗanda ke zuwa makarantun kuɗi da makarantu masu cin gashin kansu da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, muddin tafiyar ba ta wuce minti 30 ba daga makarantar da da can za su je. Kowace da nata lokacin buɗewa. Motocin da za su gajarta hanyar 'yarki suna can suna wannan hidima.

A ƙauye kuwa labarin daban ne, can nisa ne na gaske. Wajen 1940 gundumomin ilimi sun haura 100,000 a ƙasar nan, da yawa aji ɗaya ne da malama ɗaya. Aka yi ta haɗe su, motar nan mai ruwan ɗorawa ce ta sa hakan ya yiwu. Launin ma a wani taro aka tsayar da shi a 1939, wanda wani malamin jami'ar Columbia mai suna Frank Cyr ya kira. West Virginia ta rufe ɗaruruwan ƙananan makarantu daga 1990, yaran cikin duwatsu suka koma tafiyar awa da rabi. Naki bai yi kama da wannan ba, kuma hakan albishir ne.

Shekara biyar ba shekara sha biyar ba ce

Wani zai ce miki ai yara suna sabawa. Na zauna a gaban motar nan ina kallonsu ta madubi, na san abin da sabawar take nufi. Manya suna hira ko su sa abin ji a kunne. Ƙananan, bayan minti 40, ko su yi barci kansu yana bugun gilashi, ko su fara kuka da faɗa. Babu banɗaki a motar, direba kuma ba shi da ikon tsayawa ya sauke yaro a gidan mai. Babba ɗaya ne a ciki, bayansa yake ba yaran, idonsa a titi. Fitsarin da ta yi ba laifinta ba ne, kada a yi mata faɗa, kada kuma a bari yayyenta su tsokane ta.

Ki yi lissafin barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare, mai 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Mota 6:45 tana nufin tashi 6:00, wato in ta kai 8:00 na dare ido biyu, an riga an ci bashi. Ta dawo 4:30, abin da ya rage mata na ci da wanka da wasa da karatun allo awa uku da rabi ne. Ga hunturu yana tafe: a farkon Janairu rana ba ta fitowa a Columbus sai takwas saura, za ku tsaya a matsaya cikin duhu da ƙanƙara. Wani bincike da Sarah Cordes da abokan aikinta suka yi a kan yaran birnin New York, wanda ya fito a 2022, ya gano cewa doguwar tafiyar mota tana ƙara yawan fashin makaranta, kuma yaran baƙar fata ne suka fi shan doguwar. Dalilin a fili yake: wanda motarsa ta wuce shi da asuba, in babu mota a gida, ranar ta tafi.

Babu dokar tarayya da ta ƙayyade tsawon tafiyar. Wasu jihohi sun sa nasu ma'auni. West Virginia ta ce minti 30 ga 'yan firamare, 45 ga na tsakiya, 60 ga sakandare. Iowa ta sa minti 60 ga firamare, 75 ga sakandare. Ko hukuncin Swann ɗin nan da ya halatta jigila ya yarda cewa ana iya ƙin ta idan tsawonta zai taɓa lafiyar yaro ko karatunsa, ya kuma ce shekarun yaro ne babban abin dubawa. Waɗannan ba su ɗaure gundumarku ba, amma suna da amfani a baki: idan kika ce tafiyar 'yarki ta wuce abin da Iowa ta yarda a ɗora wa ɗan shekara goma sha bakwai, za a saurare ki. Abin da ya ɗaure su shi ne rubutacciyar ƙa'idarsu ta sufuri. Gundumomi da yawa sun rubuta wa kansu iyaka ko buri. Ki nemi kwafi.

Batun aron adireshi

Kada ki yi. Na san a wurinmu gidan yaya gida ne, yaro ya zauna wajen gwaggo ya yi makaranta ba abin magana ba ne. A nan takardar da za ki sa wa hannu shaida ce ta hukuma. A 2011, a Akron, cikin Ohio ɗin nan, an ɗaure wata uwa baƙar fata kwana tara saboda ta rubuta adireshin mahaifinta, mahaifinta fa, ta sa 'ya'yanta mata biyu a gundumar maƙwabta. Gundumar ta ɗauki mai bincike ya bi ta, ta kuma nemi ta biya kuɗin karatu kusan dala 30,000. An same ta da babban laifi, sai daga baya gwamna John Kasich ya sassauta shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ita 'yar ƙasa ce. Ga wanda takardun zamansa ke gaban hukumar shige da fice, ƙarya a takardar gwamnati tana iya bin sa har ranar neman zama ɗan ƙasa, kuma za ki jawo yayar maigidanki ciki.

Kuma asirin ba ya daɗewa. Mu a ofishin sufuri mukan fara gani: yaro yana da matsaya a takarda amma bai taɓa hawa ba. Ko malama ta tambayi 'yar shekara biyar ina ne gidanku, ta faɗi gaskiya tsakani da Allah.

Halastacciyar hanyar ita ce abin da ake kira buɗaɗɗiyar rajista, wadda Minnesota ta fara a faɗin jiha a 1988. A Ohio kowace gunduma ita ke zaɓa: ko ta rufe ƙofa, ko ta karɓi yaran gundumomin da suke maƙwabtaka da ita kawai, ko ta karɓi kowa a jihar. Gaskiya mai ɗaci, yawancin gundumomin masu hali da ke kewaye da manyan biranen jihar sun zaɓi rufewa. Amma waya ɗaya ce zuwa ofishin rajistarsu za ta gaya miki. In suna karɓa, ana cike fom ne tun bazara domin shekara mai zuwa, gurbi kuma ƙayyadadde ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Motarsu ba za ta zo ƙofarki ba, amma ke da kike hango tuta ba ki buƙatarta. Batun a mayar da unguwarku gaba ɗaya cikin waccan gunduma, doka ta tanadi hanya, sai dai aiki ne na sa hannun mazauna da zaman hukumar jiha da shekaru; kafin a gama, 'yarki ta kusa sakandare. In kuma haya kuke yi, tsallaka titi idan yarjejeniyar haya ta ƙare shi ne mafi sauƙin duka, amma a duba gundumar gidan kafin a biya kuɗin ajiya, kada a dogara da bakin dillali.

Abin da zan yi a makon nan in ni ne ke

Ki bar hedimasta, ba shi yake zana hanya ba. Ofishin sufuri na gunduma za ki nema, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ki je tsakanin 10 na safe da 1 na rana, lokacin motoci sun koma gareji kuma waya ta yi shiru. Kafin nan ki rubuta lokacin ɗauka da na saukewa na kwana goma a jere. Mu da muke can, "yarinyata tana wahala" muna jin sa sau ashirin a yini, ba mu san inda za mu kama ba. Amma uwar da ta ajiye takarda ta ce lambar mota kaza, minti 80 da safe, 75 da rana, shekara biyar, nan take ake buɗe taswira.

Tambaya ta farko: wace ce matsayar ƙarshe da motar take yi kusa da gidanmu kafin ta nufi makaranta? Wannan ita ce dabarar da ta fi yi wa mutane aiki a hannuna. Na tuna wani uba, shi ma baƙo, ɗansa yana hawa 6:35. Da muka duba, motar tana yin kewaye ta dawo ta wuce wata kwana da ba ta kai rabin mil daga gidansu ba, 7:25. Muka mayar da sunan yaron can. Tafiyar minti bakwai a ƙafa ta saya masa barcin minti 50, ban motsa mota ko taku ɗaya ba. Sai dai a yi shi a rubuce, domin direba ba ya ɗaukar yaro a matsayar da ba tasa ba, kuma 'yan ajin farko yawanci ba a sauke su sai an ga babba a tsaye.

Ta biyu: akwai wata motar da ke zuwa makarantar nan da take wucewa kusa da mu? Ta uku: za a iya bin hanyar rana yadda wanda aka fara ɗauka za a fara saukewa? Wannan ya fi nauyi domin zai taɓa wasu gidaje, a nan ne za ki buƙaci maƙwabtan da yaransu ke hawa tare da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye biyar da takarda ɗaya sun fi uwa ɗaya da waya biyar. Lokacin ma ya dace, domin bayan makonnin farko na shekara mukan ƙirga waɗanda suke hawa da gaske mu sake daidaita hanyoyi. Idan ofis ya ƙi, shugabannin gunduma suna zama a bainar jama'a kowane wata, akwai 'yan mintuna da ake ba iyaye su yi magana, ba sai kina da katin zaɓe ba. In Turanci yana ba ki wahala a irin wannan wuri, ki nemi tafinta tun kafin ranar.

Ga malamarta kuma, saƙo gajere ya isa: a tura ta banɗaki daf da hawa mota kowace rana, a ajiye mata kayan canji a jaka, a roƙi direba ya zaunar da ita a kujerun gaba. Direbobi da yawa suna yin haka ga ƙanana ko ba a roƙa ba. Kada ki hana ta shan ruwa da rana saboda tsoron fitsari.

Iyakata ke nan a wannan fanni: ni mai zana hanya ne, ba likita ba, ba lauya ba. Idan fitsarin ya ci gaba bayan an gyara lokacin banɗaki, ko tana kukan zafi, ki kai ta wajen likitan yara. In likita ya sami wata larura, takardarsa tana buɗe wata ƙofa dabam, domin dokokin tarayya kan yara masu buƙata ta musamman suna ɗaukar sufuri a matsayin ɓangaren hidimar da makaranta za ta rubuta a tsarin yaro, har da gajarta tafiya. Wannan tsari da makaranta ta rubuta, idan ya iso ofishinmu ba roƙo ba ne, umarni ne.

In duk waɗannan ba su samu ba, ki raba tafiyar biyu. Ko safiya kawai kuka riƙa kai ta da kanku, ko ku yi karɓa-karɓa da wata maƙwabciya, ta dawo a motar makaranta, kin mayar mata da awa guda ta barci. Sai dai ki sanar da ofis cewa har yanzu tana hawa da rana, domin yaron da ya yi kwanaki bai hau ba mukan cire matsayarsa daga hanya, maido da ita kuma yakan ɗauki mako guda ko biyu.